Angon ƙarni da yake jin kansa baƙo a wurin 'yarsa

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Yau kwana 24 ke nan da Allah ya azurta mu da 'ya mace, kuma ita ce haihuwarmu ta fari. Tun cikin yana wata 8 iyayen matata suka ɗauke ta goyon ciki, har yanzu tana can tana wankan gida. Idan na je a zaure nake tsayawa, ƙanwarta ta miƙo mini jaririyar a naɗe cikin zane, kafin in gama kallon fuskarta an karɓe ta. Mahaifiyata ta ce rashin kunya ne namiji ya riƙa ɗaukar 'yar fari a gidan surukai. Abin da ya fi ci mini rai, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ban ji irin son nan da abokaina suke ba da labari ba, ina kallonta kamar 'yar wani. Na ci bashin da ya kai albashina na wata 3 wajen rago da kayan fitar suna da itacen wanka, tunaninsa ya hana ni barci. Matata kuma tana kirana da dare tana kuka, tana cewa ita ba ta iya zama uwa ba. Ta yi fama da hawan jini a ƙarshen cikin, yanzu tana kukan ciwon kai, ƙafafunta sun kumbura, idan ta kwanta numfashinta yana sarƙewa sai ta tashi zaune. Mahaifiyarta ta ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka zafi, aka ƙara kunun kanwa. Sun ce ba za ta dawo ba sai ta cika wata 3. Wani abokina ya ce in je in ɗauko matata ko sun so ko ba su so ba. Malam, ni mugun uba ne? Me zan yi?

Wani angon ƙarni, daga Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, ƙanena. Allah ya raya ta bisa sunna, ya sanya ta cikin masu albarka, ya kuma tashi kafaɗun mai jego. Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma ina roƙonka ka yi mini haƙuri in fara da abin da ka ajiye kusa da ƙarshe, domin a cikin duk abin da ka rubuta shi ne kaɗai ba zai jira gobe ba.

Ciwon kai da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi lokacin kwanciya, a jikin macen da ta yi hawan jini tana da ciki kuma ba ta cika wata guda da haihuwa ba, alamomi ne da likitoci suke ɗauka da gaggawa. Mutane da yawa suna zaton hawan jinin ciki yana tafiya da zarar an sauka, alhali yana iya ci gaba, ko ya lafa ya dawo, har zuwa mako 6 bayan haihuwa, kuma idan aka bar shi yakan kai ga jijjiga ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma ciwo na biyu da ya fi tsorata ni a cikin bayaninka, wato raunin zuciya na bayan haihuwa. Zuciya ce take gajiya ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a ƙafafu da huhu, kuma taruwar ruwan a huhu ita ce take sa mace ta kasa kwanciya sosai sai ta jingina ko ta zauna. Likitan da ya duba ta ne zai faɗi ko wanne ne a cikin biyun, ko kuwa wani abu ne mai sauƙi kamar ƙarancin jini, amma kowanne ya kasance yana da magani, kuma maganin ya fi aiki idan an zo da wuri.

Garinku ma yana da tarihi a kan wannan ciwo. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bibiyi mata sama da 200 da zuciyarsu ta raunana a lokacin jego, suka wallafa sakamakon a 1978, kuma sun danganta yawan ciwon a ƙasar Zazzau da shan kanwa mai yawa da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da rashin wasu sinadarai a abinci, saboda haka ba adalci ba ne a ɗora wa wankan jego laifin duka. Abin da babu jayayya a kansa shi ne kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana kuma ɗaga jini. Macen da ƙafarta ta riga ta kumbura, jininta ya riga ya hau, ƙara mata kanwa ƙara wa zuciyarta kaya ne a lokacin da take neman a sauke mata.

Don haka ka kai ta asibiti yau, kada ka jira ƙarshen mako ko ƙarshen wata. Ka nemi babban asibiti inda za a iya auna jininta da fitsarinta, a saurari ƙirjinta, a ɗauki hoton zuciya idan likita ya ga akwai buƙata. Ku tafi da katinta na awo da duk wani maganin da aka taɓa ba ta, ku gaya wa likita tana shayarwa domin ya zaɓi maganin da ya dace da hakan, kada kuma ku ɓoye masa maganar kanwa da wankan don jin nauyi. Kafin likita ya yi magana a dakatar da kanwar, a sirka ruwan wanka ya zama mai ɗumi. Idan kuwa ta fara gani dishi-dishi, ko ta yi jijjiga, ko numfashin ya gagara ko tana zaune, ko jini ya ɓalle, to ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Na san abin da yake ranka yanzu shi ne yadda za ka faɗi wannan a gidan da ko tsakar gidansa ba ka shiga. Bari mu fara da yi wa surukarka adalci. Wannan baiwar Allah tana tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta wanke 'yarta da hannunta safe da yamma, ta dama kunu, ta kwana tana jin kukan jikarta. Haka mahaifiyarta ta yi mata, haka aka yi wa duk matan da ta sani, kuma a saninta kumburin mai jego alamar sanyi ce da zafi yake kora. Ƙara zafin da ta yi ƙauna ce ta sa ta, da tsoron kada a ce 'yarta ba ta gasu ba. Idan ka shiga da maganar cewa abin da take yi shi ne yake cutar da 'yarta, za ta ji ka raina wahalarta ka kuma zarge ta, daga nan sai maganar ta tashi daga lafiyar mai jego ta koma ta mutunci, kuma a irin wannan gardama marar lafiya ce take shan wahala.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce ka samu surukinka, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce masa: Baba, ga abin da take gaya mini game da numfashinta, kuma da yake ta yi hawan jini a ƙarshen cikin hankalina bai kwanta ba, ina neman izini in kai ta a duba ta yau, kuma ina roƙon Mama ta raka mu. Rakiyar Mama tana da muhimmanci ƙwarai, domin maganar barin kanwa idan ta fito daga bakin likita ko ma'aikaciyar jinya za ta shiga kunnenta ba tare da ta ji an ci fuskarta ba, wanda ba haka zai kasance ba idan daga bakin mijin 'yarta ta fito. Kana kuma da hujja mai sauƙi a hannunka, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba uwa da jariri a ranar haihuwa, da wajen kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na 6, ko da babu wanda yake kukan komai. Idan kana jin bakinka zai yi nauyi, ka tafi da kawunka ko wanda ya karɓar maka aure, ko ka tura gwaggonka ta shiga cikin gida ta yi magana mace da mace. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma idan duk an yi wannan aka ce a bari sai an ga yadda wankan zai yi, to a nan ka dage cikin ladabi, ka kawo abin hawa ƙofar gida, ka ce ba za ka iya tafiya ba sai an je. Kai ne Allah zai tambaya game da lafiyarta, kuma iyayen da suka yi fushi yau za su sauko idan suka ga 'yarsu ta samu sauƙi.

Wannan dagewa daban take da shawarar abokinka, wadda ban yarda da ita ba. Idan ka ɗauko ta da ƙarfi ka kawo ta gidanka, wa zai zauna da ita da jaririya sa'ad da kake aji daga safe zuwa azahar? Mace marar lafiya, mai ɗanyen jiki, wadda ba ta taɓa raino ba, tana buƙatar hannun mata a kusa da ita, kuma a yanzu babu inda ya fi gidansu wannan hannun. Ga kuma ɓaraka da za ka buɗe tsakanin gidaje biyu, wadda 'yarka za ta tashi ta tarar. Na lura da wani abu a wasiƙarka: mahaifiyarta ta faɗi nata, mahaifiyarka ta faɗi nata, abokinka ya faɗi nasa, amma ban ga inda aka tambayi ita mai jegon abin da take so ba. Ka tambaye ta. Mai yiwuwa tana son zaman gidan amma wankan ne ya gallabe ta, mai yiwuwa kuma kewarka take yi tana jin kunyar faɗa.

Maganar wata 3 kuwa ka bar ta sai an dawo daga asibiti. Sau da yawa dalilin da iyaye ba sa furtawa shi ne tsoron kwanika, kada yarinya ta koma ɗaki ta sake ɗaukar ciki jaririya ba ta yi ƙwari ba. Tsoro ne mai tushe, domin masana lafiya suna ba da shawarar a samu tazarar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, idan kuma aka samu zuciyarta ta taɓu to wani cikin ba abin da za a shiga ba ne sai da shawarar likita. Ku tattauna hanyar ba da tazara da ta dace da ku tare da likitan, sannan ka aika wa iyayenta ta bakin babba cewa ka fahimci damuwarsu kuma ka ɗauki alkawari. Daga nan kana iya neman ta dawo bayan arba'in tare da wata gwaggo ko ƙanwa da za ta zauna da ita na 'yan makonni. Idan likita ya ce tana buƙatar hutu mai tsawo, ko ita da kanta ta zaɓi ta ƙara kwanaki, ka amince, amma ka roƙi a ba ka damar shiga ka zauna da iyalinka a ɗaki na ɗan lokaci kullum. Gidaje da yawa suna yarda da haka idan an nema da girmamawa.

Sai kukan da take yi da dare. Yawancin mata sukan shiga 'yar damuwa da saurin hawaye daga kwana 2 ko 3 bayan haihuwa, abin ya wuce da kansa cikin mako 2. Nata ya haura wannan, kuma kalmar da take maimaitawa, cewa ba ta iya zama uwa ba, tana daga cikin abin da masu ciwon damuwa na bayan haihuwa suke yawan faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mata 13 cikin 100 suna shiga irin wannan hali bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa 20 cikin 100. Ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Jikin da ba shi da lafiya, da rashin barci, da jariri mai neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, sun isa su karya zuciyar kowa. Idan ta kira ka, kada ka yi saurin rufe mata baki da ki yi haƙuri, kowace mace haka ta yi. Ka bar ta ta faɗi abin da yake ranta har ta gama, sannan ka gaya mata abin da ka gani da idonka, cewa yarinyar tana shan nono tana girma a hannunta, kuma kana tare da ita. Ka tambaye ta a fili, cikin taushin murya, ko tunanin cutar da kanta ko jaririyar yana zo mata, domin tambayar ba ta jawo tunanin, sauƙi ma take kawowa ga wadda take ɓoye shi. Idan ta ce yana zuwa, ko ta fara jin muryoyi ko maganar da ba ta kan hanya, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Ku yi addu'a, ku yi mata tofi, amma ku haɗa da gaya wa likita, kuma ka roƙi ƙanwarta ta riƙa karɓar yarinyar bayan ta sha nono domin uwar ta samu barci na sa'o'i a jere.

Yanzu ga tambayar da ka yi mini da zuciya mai nauyi. A'a, ƙanena, kai ba mugun uba ba ne. Mugun uba ba ya kwana yana tuhumar kansa a kan ko yana son 'yarsa. Ka lissafa mintocin da ka riƙe yarinyar nan tun da aka haife ta, ina zaton duka ba su cika sa'a biyu ba. Uwarta ta ɗauke ta wata 9, ta ji motsinta, tana jin ɗuminta dare da rana, amma duk da haka akwai iyaye mata da yawa da son ba ya sauko musu sai bayan makonni. Kai kuwa an miƙo maka ƙunshin zane a zaure an karɓe. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsakanin uba da jariri a hannu take: ɗauka, da rarrashi, da jin nauyinta a ƙirji, da sanin irin kukan da take yi idan yunwa ce da wanda take yi idan ciki ne.

Zan gaya maka nawa. Lokacin da aka haifi ɗana na fari na yi murna a gaban mutane, na raba goro, amma a cikin raina abin da na fi ji shi ne tsoro da nauyi, kuma na ɓoye wannan kamar yadda ka ɓoye. Sai da suka dawo gida, wani dare yana kusan wata 2 ya ƙi barci, uwarsa ta gaji har tana gyangyaɗi a zaune, na karɓe shi na ɗora a kafaɗa ina zagaya tsakar gida ina karanta abin da ya sawwaƙa, har na ji jikinsa ya saki numfashinsa ya daidaita a wuyana. A daren na san ɗana ne. Abokanka da suke ba da labarin son da ya kama su tun kallon farko, wasunsu gaskiya suke faɗa, wasu kuma sun manta yadda makonnin farko suka kasance. Ka kuma sani cewa jariri ba ya fara murmushin gane mutum sai wajen mako 6 zuwa 8, kuma a yanzu idonta bai fi ganin abin da yake kusa da ita kamar tsawon santimita 20 zuwa 30 ba, wato daidai nisan fuskar wanda ya rungume ta. Murya kuwa tana ji, tana kuma sabawa da wadda take yawan ji.

Maganar mahaifiyarka ba a banza ta faɗe ta ba. Alkunyar ɗan fari tsohuwar tarbiyya ce a ƙasar Hausa, har akwai iyayen da ba sa kiran sunan ɗan farinsu, kuma manufarta nuna kawaici da barin wa kakanni da dangi fili su ja yaro a jiki. Ka girmama ta, kada ka yi gardama da Hajiya a kai, kada kuma ka riƙa wasa da yarinya a gaban surukinka idan hakan zai sa su jin nauyi. Sai dai kunya a gaban manya ba ta hana uba ɗaukar 'yarsa a cikin ɗaki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito waɗannan. Idan ka samu natsuwa da mahaifiyarka kana iya ambata mata su a matsayin hira, ba a matsayin gyara ba, kuma na sha ganin kakar da ta hana ɗanta ɗaukar jariri ta koma ita ce take miƙa masa.

Idan an ba ka damar shiga, ka wanke hannunka, ka zauna, ka tallafi kanta da wuyanta domin ba su yi ƙwari ba. Ka karɓe ta bayan ta sha nono ka ɗora ta a kafaɗa kana shafa bayanta har ta yi gyatsa, ka yi mata magana, ka yi mata karatu, ka koyi canza mata ƙunzugu ko da sau ɗaya ne a yini. Kukan jarirai yakan ƙaru ya kai ƙololuwa wajen mako 6 sannan ya fara raguwa, saboda haka idan ta yi kuka a hannunka kada ka ɗauka ƙin ka take yi. Idan kukan ya kai ka maƙura ka miƙa ta ko ka kwantar da ita a rigingine ka fita ka sha iska, kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, domin yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Rashin barcinka ma ban raina shi ba. Wani babban nazari da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna kusan uba 1 cikin 10 yana shiga ciwon damuwa a lokacin ciki ko bayan haihuwa, kuma abin ya fi yawa idan matar ma tana fama da ciwon damuwar. Idan ka ga mako 2 sun wuce ba ka barci, abinci ya fita ranka, kana saurin fushi da ɗalibai, ka gaya wa likita kai ma. Kafin nan ka samu wani yayanka ko malaminka mai iyali da sirri ka faɗa masa abin da ka faɗa mini.

Bashin ya riga ya ciwu, ba zan tsaya yi maka faɗa ba, amma ya kamata ka san abin da addini ya nema da abin da mutane suka ƙara domin gaba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, yankan suna mustahabbi ne, dabba ɗaya ce ga namiji ko mace a rana ta bakwai, kuma malaman mazhabar ba su ma so a mayar da shi walimar tara jama'a ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, ita ce kuma ta ce ba a ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ka zauna ka rubuta duk wanda yake bin ka da adadinsa, ka je wurin kowannensu da ƙafarka kafin shi ya zo, ku yanke abin da za ka riƙa biya duk wata. Mai bin bashi ya fi haƙuri da wanda ya zo da kansa. Kada ka ci sabon bashi don kayan arba'in ko ɗinkin komawa ɗaki. Abin da ya shigo hannunka yanzu na asibiti ne da abincin mai jego, irin su wake da ƙwai da hanta da zogale, kuma idan kuɗin asibitin yau ya gagara, wannan ne bashin da ya cancanci a ci, ko ka gaya wa surukinka gaskiya ku haɗa hannu. Nonon uwa zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba, shi ne mafi alheri ga yarinyar kuma ba ya cin ko kwabo. Rigakafi kyauta ne a asibitocin gwamnati, ka duba katinta ka tabbatar an yi mata na haihuwa, na gaba kuma a mako 6 da 10 da 14. Ka karɓo mata takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Waɗannan ayyuka ne da babu surukin da zai hana uba, kuma kowannensu dalili ne na zuwa ka ɗauki iyalinka ku fita tare. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun haihuwa na kwana 14 tun 2021, kuma ko da yake wannan bai shafi makarantarku ba, kana iya samun shugaban makarantar ka bayyana masa halin da ake ciki ka nemi kwana biyu ko uku.

Ku tafi da jaririyar asibitin a duba cibiyarta da idonta saboda ciwon shawara, a kuma auna nauyinta. Idan aka kira mai jego ta shiga wurin likita tare da mahaifiyarta, dole wani ya riƙe yarinyar a kan benci. Kada ka bari a miƙa wa ƙanwarta, ka miƙa hannu ka ce a kawo ta nan, ka riƙe ta har su fito. Idan kun dawo ka rubuto mini abin da likita ya ce, ina jira, ina kuma yi muku addu'a.